Na ga ƙawata a Dawanau

Ƴan uwana mata, na cikin garin Matameye da na ƙauyukan kewaye, har ku na Kance da Ɗan Barto da ake karanta muku wannan takarda bisa tabarma ranar zubi.  

Ga bazara ta ja, ƙungiyoyi da yawa na shirin fasa asusu don kowace ta samu na iri da na taki kafin ruwa ya zauna. Lokacin murna ne, amma kuma lokacin da ake buɗe littafi a tarar da sunan da aka daina kira. Kusan kowace ƙungiya da ta daɗe tana da irin wannan suna. Wance ta ci bashi, wata uku ya cika, ba ta zo ba. Aka aika yaro, aka ce ta yi tafiya. Ina ta nufa? Wasu su ce arewa, wasu su ce kudu. A yi tsaki, a raba asarar, a ja layi bisa sunanta, shi ke nan an wuce wurin. A kan waɗannan mata nake so mu yi magana yau, kuma ina roƙon masu kaye da biro, wato marubutan ƙungiyoyi, su matso kusa, don rabin zancen nasu ne.

Manyanmu sun san yadda abin ya faro. A shekarar 1991 ne ƙungiyar CARE ta soma wannan tsari na Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, daga nan ya bazu har ya iso mana, ya ƙetare ma zuwa wasu ƙasashen Afirka da yawa suna koyi da matan Nijar. A farkon lamarin yawancin ƙungiyoyi ba su da mai rubutu. A ka ake riƙe lissafi: ke ki riƙe bashin ta kusa da ke, ita ma ta kusa da ke ta riƙe naki, in an zauna kowace ta faɗa a gaban jama'a. Dubara ce mai kyau, ta yi aiki, kuma ba na raina ta. Sai dai tana aiki ne muddin kowa na zaune bisa tabarma ɗaya. Ranar da mace ta tashi ta bar gari, lissafin ya rabu biyu. Na ƙungiya yana tsayawa ranar da aka fasa asusu. Na cikin kan wadda ta tafi kuwa ba mai tsayar da shi, kullum ƙaruwa yake.

Da idona na ga haka bayan kakar da ta wuce, cikin watan Nuwamba na 2024.

Ƙungiyarmu ta tura ni Kano da ni da ma'ajiyarmu, mu saro atamfa a Kantin Kwari, mu kuma duba farashin waken suya saboda masu awara. Hanyar kun san ta: Ɗan Barto, a ƙetara Kwangwalam, Mai'aduwa, Daura, Kazaure, sai birni. Duka-duka bai kai kilomita 200 ba. In kin yi sammako, kuma ba a tsayar da ku da yawa ba, a can za ki yi azahar. Shi ya sa wasu ke dariya in an ce Kano ƙasar waje ce, su ce ai harshe ɗaya, tuwo ɗaya, sallah ɗaya. Gaskiya ne. Amma wadda ta tuna rufe iyaka na watan Agusta 2019, da wanda ya biyo baya a 2023 har sai cikin Maris 2024 aka buɗe, ta san cewa layin nan da Turawa suka ja yana da haƙora. Kuma da kin canja sefarki ta koma naira, kin hau adaidaita sahu kin ce a kai ki wuri kaza, direba ya waiwayo ya ce «Hajiya daga Nijar ko?», kin san baƙuwa ce ke.

Rana ta biyu muka tafi Dawanau. Wadda ba ta taɓa zuwa ba, kasuwar hatsi ce a bakin hanyar Katsina, kuma in na ce kasuwa kar ku kawo tamu a rai, gari ne guda. Layin masara daban, na wake daban, na riɗi, na zoɓo, na gyaɗa, ga manyan motoci ana loda musu buhuna zuwa Legas, wasu kuma zuwa nan wajenmu. A bakin shagunan ajiya mata ne zaune rukuni-rukuni da faifai da rariya, suna sheƙa, suna tsince tsakuwa da ƙasa daga riɗi da zoɓo kafin a zuba a buhu. Ƙura ta rufe su fari fat, har gashin ido. Da yawa sun ɗaure hanci da bakin mayafi.

Ina cikin ciniki da mai waken suya, ya faɗi kuɗin buhu da naira, ni kuwa na juya wajen ma'ajiya na ce, «To wannan jika nawa ke nan a kuɗinmu?» Kun san mutanen Kano dubu suke cewa, mu ne masu jika da dala. Sai na ga wata cikin masu sheƙa ta tsaya cak da faifai a hannu. Ta dube ni, ta sunkuyar da kai, ta ƙara jan mayafi. Na ci gaba da cinikina. Can wata ta kusa da ita ta yi mata wata magana, ta yi dariya ba shiri, irin dariyar nan da ake ja da numfashi ciki kamar shaƙuwa ta kama mutum. Mutum ɗaya na sani duk duniya mai wannan dariya. Gabana ya faɗi. Na bar mai wake da bakinsa buɗe, na je na durƙusa gabanta na ce, «Ƙawa, ko ba ke ba ce?»

Ba ta amsa ba. Hawaye ne suka yi hanya biyu cikin ƙurar fuskarta.

Ba zan faɗi sunanta ba, ba kuma zan faɗi ƙauyen ba. Ta ba ni izinin labarin, ba ta ba ni na suna ba. Abin da zan ce shi ne tare muka tashi, gidanmu na kallon gidansu. Tare muke tallar dafaffiyar gyaɗa, tare muke satar shan rake a fadama a kore mu. Ita ta riƙe mini lalle ranar aurena, ni na riƙe mata. Aure ya kawo ni cikin gari, ita ya kai ta ƙauye, duk da haka ba suna ba biki da ɗayarmu za ta yi babu ɗaya. Na je mata gaisuwar mijinta a 2013. Bayan ta fita takaba sai na ji an ce ta tafi. Na tambaya har na gaji. Yayanta ya ce tana lafiya, takan aiko da ɗan abin da ya samu ta hannun direbobi, amma ba ta faɗin inda take. Mutane suka yanke cewa tana Aljeriya, tunda a lokacin duk wadda ta ɓace daga ƙasar Kance can ake cewa ta yi.

Ashe kusan shekara 11 tana nan, tafiyar rabin yini.

Na sallami ma'ajiya ta koma masaukinmu, ni na bi ƙawata ɗakinta a wajen Rijiyar Lemo. Ɗaki ɗaya ne na haya a gidan mutane da yawa, tsaf da shi, ga ƴan kwanoninta jere, ga autanta da ta tafi da shi goye yanzu ya fi ni tsawo. Ya durƙusa ya gaishe ni da Hausar Kano tsantsa, har da «yaya hanya, Umma». Ta dama mana fura, ta ce in yi haƙuri, nonon nan ba kamar na gida ba. Daren nan ba mu runtsa ba. Farko tambaya ta yi ta jerowa kamar mai ƙirga tsaba: wane na nan? Ya rasu. Wance fa? Ta yi Makka. Rijiyar bakin masallaci? An sa mata famfo. Kukar ƙofar gidanmu? Iska ta kayar da ita shekara huɗu ke nan. Duk wanda na ce ya rasu sai ta tafa hannu ta yi salati, kamar yau aka yi mutuwar, don a wurinta yau ɗin aka yi. Da muka zo kan ɗiyarta ta fari, wadda aka aurar ba ta nan, ta ce in faɗa mata kalar zanen da aka sa mata ranar kai ta ɗaki. Na faɗa, don ina wurin. Ta yi shiru mai tsawo.

Sai wajen asuba na yi tambayar da ke cina. Na ce, «Ƙawa, me muka yi miki? Uwarki na raye, idonta ya soma tafiya. Me ya hana ki ko leƙowa?»

Ga abin da ta ce. Da daminar 2013 ta ɗauki jika 30 a asusun ƙungiyarsu, na wata uku, ta sayi rago ta turke da niyyar sayarwa da layya. Ciwo ya kama maigidanta. Aka yi na gida bai yi ba, aka kai shi likita a Damagaram. Ragon da ba a gama kiwo ba aka sayar da shi a wulaƙance, kuɗin suka tafi a magani da mota, mai ciwon kuma bai tashi ba. Ta shiga takaba da bashi a wuya. Matan ƙungiya sun zo gaisuwa, sun kawo hatsi, ba wadda ta ta da zancen kuɗi. Ni da ku mun san kara ce suka yi mata. Ita kuwa da ke kwana da abin a rai, shirun nan ya fi mata zagi ciwo, gani take suna jira ne kwanaki su cika su taso. Ana haka wata ta yar da habaici a gidan suna, cewa wasu sun ci guminmu sun lulluɓe da mayafin takaba. Aka kwaso maganar aka kawo mata har ɗaki, kun san ba a rasa mai wannan aiki.

Niyyarta ta fari arewa ce, Arlit, daga nan Tamanrasat, kamar yadda mata da yawa na yankinmu ke yi a lokacin, a je a yi aikatau ko bara a dawo da abin biyan bashi. Tana cikin takabar ne, ƙarshen watan Oktoba 2013, labarin nan ya zo wanda har yau in an tuna shi jiki ke mutuwa: motoci sun lalace a hamada bayan Arlit, aka tsinci gawa 92, yara 52, mata 33, maza 7, ƙishirwa ta kashe su, kuma mafi yawansu mutanen ƙasar nan tamu ne. Gwamnati ta sa aka yi zaman makoki na kwana uku. Ta ce ta dubi yaron da ke cinyarta ta ce a'a, ba da shi ba. Da ta fita takaba ta bar manyan biyu wajen tsohuwarta, ta goya ƙaramin, ta yi kudu da asuba. Ta yi wanke-wanke wajen mai tuwo, ta yi aikatau a gidaje, daga baya wata ƴar Magarya ta kai ta Dawanau.

Na ce to, duk na ji, amma jika 30 ne fa, shekara 11 ba ki tara ba?

Ta dube ni kamar na yi zancen yara. Ta ce, «Jika 30 a da. Kin manta ribar? Kowane wata jika 3. Ni ban yi lakkwal ba amma na iya wannan. Duk watan da ya kama sai na ce jika 3 sun hau.»

Ku ɗauki biro ku bi ni. Ɗaya bisa goma na jika 30 shi ne jika 3. Shekara 11 wata 132 ne. 132 sau 3 ya ba da jika 396. A haɗa da uwar kuɗin, jika 426. Da canjin wannan lokaci, da jika guda ke cin naira 2,500 ko fiye, abin ya haura naira miliyan ɗaya. Mai sheƙar riɗi a ina za ta ga miliyan? Tana adashe da matan gidansu, takan kwashi ɗan abin da ya taru, ta duba, ta ga ko ribar shekara biyu bai kai ba, sai ta aika wa tsohuwa rabi ta biya haya da rabi. Ta ce sau biyu tana zuwa tasha da kayanta, sai ta tuna za ta shiga gari a nuna ta da baki, ta juya.

Na ce mata ba haka dokar asusu take ba. In an fasa asusu an rufe shekara, riba ta tsaya, ba ta bin mutum har kabari. Ta ce lallashinta nake. Na rantse, ta ce na saba rantsuwa tun muna tallar gyaɗa. Ganin ba za ta yarda da baki ba, na karɓi lambar wayar ɗanta na ce ta ba ni mako biyu.

Da na dawo na hau kabu-kabu na tafi ƙauyen. Ƙungiyar tasu ta rabu biyu tun tuni, amma Allah ya sa a wancan lokacin suna da marubuciya, cikin waɗanda suka fara yaƙi da jahilci, kuma irin matan nan ne da ba su yar da takarda. Ta jawo wata tsohuwar kwalla daga ƙarƙashin gado, ta fito da littafin a naɗe cikin leda, gara ta ɗan taɓa gefensa. Muka buɗe shafin fashin asusu na bazarar 2014. Ga sunan ƙawata, ga abin da aka rubuta a gabansa. Bashi jika 30. Riba ta wata uku kawai, jika 9, an tsayar daga nan saboda rasuwar mijinta. Zubinta na mako 20, dala 100 kowane mako, jika 10, an cire. Saura jika 29. Mata 27 suka raba asarar, kowace ta rasa jika guda da ƴan daloli.

Jika 29, jama'a. Kuma tun ba ta cika wata huɗu da tafiya ba matan nan suka yi mata sassauci, suka rubuta, suka rufe littafi. Sun yi abin kirki. Abu ɗaya ne bai faru ba, maganar ba ta fita daga cikin kwalla ba. Yayanta namiji ne, ba ya zama taron mata, ba wadda ta ga dalilin gaya masa, shi ma bai tambaya ba don kunya. Direban da ke kawo saƙonta duk bayan wata biyu yana wucewa ta ƙofar gidan marubuciyar.

Akwai wani lissafin kuma da ya fi wannan ɗaci. A 2014 jika guda wajen naira 350 take. Jika 29 a lokacin naira dubu 10 ne da ƴan kai, abin da mai wanke-wanke za ta iya tarawa cikin ƴan watanni in ta ƙudura. Naira ta yi ta faɗuwa, musamman daga tsakiyar 2023, sefa kuwa tana ɗaure da kuɗin Turai ba ta motsa sosai ba. A ƙarshen 2024 jika 29 ɗin nan sun kusa naira dubu 80. Wato ko da riba ta tsaya, jinkiri kaɗai ya ninka mata nauyin sau bakwai ko fiye. Wannan ku riƙe shi, duk mai ɗa ko miji ko ƙanwa da ke ci-rani a Najeriya alhali ana bin sa sefa a gida.

Na sa ɗana ya ɗauki hoton shafin ya tura ta WhatsApp. Yaron nata, da ya yi firamare a Kano, shi ya karanta mata. Ta sa ya maimaita sau uku. Sannan ta aiko mini da murya, rabinta kuka rabinta dariyar nan tata, tana cewa, «Ashe ke ma kina faɗin gaskiya wani lokaci.»

Ta kwashi adashenta na watan Janairu, ta je Wapa wajen ƴan canji, ta aiko da jika 15. Sauran 14 ta zo da su da kanta da ƙaramar salla. A nan aka samu wata ƴar matsala da ban taɓa tunaninta ba sai da ta taso: wa za a ba? Ƙungiyar da ta ba da bashin babu ita. Cikin mata 27, huɗu sun rasu, biyu aure ya kai su nesa. Muka zauna da tsohuwar shugabarsu da marubuciya, muka nemi shawarar liman, aka tsaya a kan cewa haƙƙin na mutane ne ɗaya-ɗaya, ba na akwati ba. Aka bi suna-suna. Masu rai aka ba su a hannu, waɗanda suka rasu aka kai wa magada, na nesa aka ba danginsu su aika. Wasu sun karɓa, kuma daidai ne, guminsu ne. Tara suka ce sun yafe, aka mayar mata, ta sayi buhun hatsi ta ajiye wa tsohuwa. Mai habaicin nan tana cikin waɗanda suka karɓa, ta ƙirga kuma har dalolin. Ban ce komai ba.

Ta yi kwana 12 ta koma Kano, don can sana'arta take, can yaron ke karatu. Amma ta ga jikokinta biyu, uwarta ta shafa fuskarta, kuma ta bar jika 2 wajen ɗiyarta a riƙa zuba mata a sabuwar ƙungiya.

Na san abin da wasunku ke cewa a zuci, don an faɗa mini a fuska a taronmu. In muka riƙa bin wadda ta gudu da lallashi, gobe kowa sai ta ci ta gudu. Wadda ta faɗi haka ba muguwa ba ce, kuɗin awararta take karewa, kuma akwati mai kwaɗo uku ba don ado aka yi shi ba. Amma ku duba da kyau, ni ban ce a yafe bashi ba. Yafiya ta mai haƙƙi ce, in ta ga dama. Abin da na ce a sanar da mutum nawa ake bin sa. Mata 27 ɗin nan shekara 11 suna cikin asara, ba don mai bashin ta ƙi biya ba, sai don tana ganin dutse ne a gabanta alhali tudun tururuwa ne. Da saƙo ya isa gare ta a 2014, da kuɗinsu sun dawo a 2014, suka juya su sau nawa zuwa yau. Macuciya ta gaske, wadda ta ci da niyya, ko kin aika mata ko ba ki aika ba ɗaya ne, ba ki rasa komai ba sai kuɗin kira. Mai kunya kuwa, kuma su suka fi yawa cikin waɗanda na sani, adadi take jira.

Don haka ga abin da ƙungiyarmu ta sa cikin dokarta, nake kuma roƙon sauran su duba. Ranar fasa asusu, duk bashin da bai dawo ba a yanke masa adadi na ƙarshe a gaban kowa, a rubuta da lamba da kuma harufa, a rubuta a ƙasa cewa ba ya ƙaruwa. A kwafe a ƴar takarda, mata biyu su kai gidansu, su damƙa wa uwarta ko ƴar uwarta mace, su karanta mata da baki. In akwai lambar waya, shugaba ta yi murya da kanta, ta fara da gaisuwa da tambayar yara kafin zancen kuɗi, ta kuma faɗa mata tana iya biya kaɗan-kaɗan, ko jika ɗai-ɗai ne. Sunanta kuma kar a ja masa layi, a mayar da shi shafin baya, a riƙa kiransa sau ɗaya a shekara. Mun ƙara da cewa wadda aka yi wa rasuwar miji, tun cikin makon farko za a aika mata cewa ribarta ta tsaya har ta fita takaba. Kara da shiru tana da kyau a wurin gaisuwa, amma mai bashi ba ta jin shiru a matsayin kara. Habaici kuwa a kan bashin ƴar ƙungiya, a gidan suna ko a bakin famfo, mun sa masa tarar dala 100. An yi dariya da aka kawo wannan, amma hannu ya tashi.

Ƙawata ta yi sa'a kudu ta yi. Ku tuna da na arewa. Tun watan Disamba 2014 ake kwaso mutanenmu daga Aljeriya cikin manyan motoci, a sauke su Asamaka, a wuce da su Agadas, da yawa ba su dawo da komai ba sai kayan jikinsu. A watan Maris 2022 jirgi aka tura Dakar ta Senegal ya kwaso ɗaruruwa, mata da yara, akasari ƴan Kance da Magarya. Ana ta tambaya a rediyo me ya sa wasu in an dawo da su ba su wata uku sai su sake komawa. Dalilan suna da yawa, gona ta yi kaɗan, baki ya yi yawa, wannan ba mu muka isa mu gyara shi a tabarma ba. Amma cikin dalilan akwai bashin da aka ci don kuɗin mota, na asusu ko na maƙwabta, wanda mace ke jin ba ta iya zama gari ɗaya da shi. Wannan kam yana hannunmu.

Marubuta, taron shugabannin ƙungiyoyi na wata mai kamawa ku zo da tsofaffin littattafai, har waɗanda gara ta ci. Ƙungiyar da ba ta da rubutu a wancan lokaci ta zo da tsofaffi biyu da suka riƙe lissafin a ka, mu zauna mu rubuta abin da suka tuna, su sa hannu. Za mu fitar da sunayen a tsakaninmu kawai, ba za a karanta su a fili ba, ba kuma za su shiga wannan takarda ba. Masu zuwa Kano saro, da masu zuwa kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, da wadda ke da ɗa direba a hanyar Agadas, ku tsaya bayan taro, akwai ƴan takardun da za mu ba ku. Waken suya kuma da muka yi magana, an samu buhu shida, masu awara su ga ma'ajiya kafin Alhamis.